Hutun iyali a Ingila: yawon gari da kallon ƙwallon ƙananan kulob

Maigidan da ya yi wa yara alkawarin kallon Arsenal ko Chelsea yakan gane kurensa tun bai bar Kano ba. Tikitin Firimiya yawanci sai mai katin mamba, kuma samun kujeru biyar a jere ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙasa da Firimiya akwai Championship, sannan League One da League Two, kowane rukuni da kulob 24. A waɗannan biyun na ƙarshe iyali za su zauna wuri guda, dab da fili, har ana jin koci yana yi wa ɗan baya tsawa, kuma kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Agusta ne watan tafiya. Kakar wasa tana farawa a cikinsa, yara suna dogon hutu, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas ko bayan haka. Disamba kuwa duhu yake yi tun ƙarfe huɗu, fili na iya daskarewa a ɗage wasa, kuma ranar 26 ga wata da ake yawan wasanni jiragen ƙasa kaɗan ne ke aiki.

Jadawali yana fitowa a ƙarshen Yuni. Shi za ka fara dubawa, ka zaɓi Asabar biyu, sannan ka ɗora sauran tafiyar a kansu. Bizar ziyara ana nemanta ne daga wata uku kafin tafiya, kowa da tasa takardar har jariri, kuma ka ware ranar zuwa Abuja ɗaukar yatsu. Kar ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Daga filin Malam Aminu Kano ana bi ta Alƙahira, Adis Ababa ko Doha. Mai son tafiya kai tsaye sai ya tashi daga Abuja.

A Landan, Leyton Orient ta fi sauƙi ga mai iyali. Ku yi safiya a Whitechapel, ku ci abincin halal, ku yi azahar a babban masallacin gabashin Landan, azahar ɗin a Agusta tana kamawa bayan ƙarfe ɗaya kaɗan. Daga nan ku hau layin District na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Mile End, ku koma layin Central zuwa Leyton, sai tafiyar kamar minti goma a ƙasa. Ana take wasa ƙarfe uku, a tashi wajen biyar, la'asar tana nan ba ta wuce ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa idan yana tare da babba. Sauran ranakun mako na British Museum ne da gidan tarihin halittu na South Kensington, duka shiga kyauta.

Asabar ta biyu ku nufi Manchester, awa biyu da 'yan mintuna daga tashar Euston. Jirgin yana tsayawa a Stockport, kuma filin Stockport County, wato Edgeley Park, da ƙafa ake zuwa daga tashar. Akwai gidan tarihin ƙwallo na ƙasa a tsakiyar Manchester, abincin dare kuma titin Wilmslow a Rusholme. Katin rangwamen jirgin ƙasa na Family & Friends yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100.

Wurin sayen tikiti ne ake yawan yin kuskure. Ka saya a shafin kulob ɗin, ka zaɓi ɓangaren iyali. Bayan raga na masu waƙa da ashar ne, kuma tsaye suke yini, ƙaramin yaro ba zai ga komai ba. Kar ka sayi na ɓangaren magoya bayan kulob ɗin da ya zo baƙunta. Rigar Chelsea da ake sawa zuwa gidan kallo a bar ta a otal, a saya wa yaro gyalen kulob ɗin a shagon bakin ƙofa. Wani zai ce a ƙara sauka ƙasa don arha, to a sani: daga Firimiya zuwa rukuni na biyar an hana shan giya a inda ake ganin fili, ƙasa da haka kuwa da kofinsa mutum zai tsaya kusa da 'yarka.

Filaye da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, don haka fam ɗin da ka canzo a Wapa ba zai saya maka ko shayi ba. Ka riƙe katin dala da ka gwada tun a gida. Abincin fili akwai mai naman alade, dankali da shayi sun isa. Babbar jaka ma ana iya mayar da ita daga ƙofa.

Lokacin wasa yana canzawa. Talabijin na iya dawo da shi 12:30 na rana, kuma a makon wasannin ƙasashe ana ɗage wasan kulob ɗin da aka kira 'yan wasansa uku. Ka sake duba shafin kulob kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa, ka kuma duba da safiyar ranar. Rigar ruwa ga kowa, ko da an wayi gari da rana.