Yadda ake cire farin ƙanzon butar shayi idan maiƙo ya hau kansa

Masu shayi a Katsina da ke dafa ruwan rijiya ko na burtsatse sun san farin ƙanzon da ke kama gindin buta. Kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, kuma tsami na narkar da shi. Sai dai sau da yawa a zuba lemun tsami a ga ko gezau. Laifin ba na lemun ba ne.

Maiƙon madara, man girki da sabulu suna da ƙwayoyi masu kai da jela. Kan yana maƙalewa a jikin kalsiyam, jelar kuma tana korar ruwa. Shimfiɗar da ido ba ya gani ta isa ta rufe gefuna da ƴan ramukan da narkewa ke farawa, sai tsamin ya rasa inda zai kama. Don haka wanke maiƙo shi ne aikin farko.

A wanke butar da ruwan zafi da omo. Kada a sa sabulun sanda, domin yana haɗuwa da kalsiyam ya bar wata dauɗa mai santsi. A ɗauraye sau biyu. Ragowar omo, toka ko kanwa tana kashe tsami. Sannan a kankare fuskar ƙanzon da soson waya.

A zuba binega, wato ruwan tsamin kwalba da ake sa wa abinci, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Lita ɗaya na narkar da kusan giram 40 na ƙanzo. Idan garin asid ɗin lemun tsami aka samu, giram 30 a lita ɗaya ya isa. A ɗumama kawai, kada ya tafasa, don a tafasasshen ruwa gishirin da asid ɗin lemun ke haifarwa in ya haɗu da ƙanzo yana kwantawa ya zama sabon ɓawo. Kumfa ita ce shaidar aiki. In ta tsaya alhali ƙanzo na nan, a zubar, a goge, a sake sabo.

Tsamiya tana yi, amma a hankali, kuma tana barin gari. Ruwan batir kuwa a nisance shi: yana lulluɓe ƙanzon da wani ɓawon da ke tsayar da narkewa, ga ƙuna ga cin ƙarfe. Kada a taɓa haɗa tsami da bilic, iskar da ke tashi guba ce. Butar alminiyam kada ta kwana da tsami, awa ɗaya ta isa.