Kurakuran da ke lalata tantanin ciki ga masu wankin ƙoda ta ciki

A Sakkwato an fi sanin wankin ƙoda na na'ura, amma akwai wanda ake yi ta ciki: a zuba ruwan magani mai suga, kimanin lita 2, daga jaka zuwa cikin mutum ta bututun roba, ya yi sa'o'i, a fitar da shi cikin wata jaka, yawanci sau 4 a rana. Tantanin da ya lulluɓe hanji shi ke tace dattin. In ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ya kumbura, fuskarsa ta sale, in ya warke ya bar tabo, ya yi kauri. Ƙananan jijiyoyin jini su yawaita, su riƙa zuƙe sugan da wuri, har ruwan ya kasa janyo wanda ya taru a jiki. Daga nan ƙafa ta fara kumburi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne jira. Jakar da aka fitar ta yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ciki na murɗawa, sai a ce bari a ga gobe, ko a aika yaro kemis. Ranar za a tafi asibiti, da jakar a hannu, domin a auna ruwan kafin a fara magani, wanda galibi cikin ruwan wankin ake zuba shi. Ana yin mako 2 zuwa 3 a kansa, kada a daina don ruwa ya washe.

Yawancin ƙwayoyin daga fata suke. A wanke hannu da sabulu, a bushe shi sosai, a sa takunkumi. Zafin Sakkwato kan sa a bar fanka tana juyawa lokacin haɗa bututu: a kashe ta, a rufe taga, balle da ƙurar hunturu. Kada a ɗumama jaka cikin bokitin ruwan zafi.

Bushewar ciki ma ba ƙaramin abu ba ce, tana ba ƙwayoyin hanji damar tsallakowa. A faɗa wa likita.

In an yi kwana 5 ana maganin da ya dace ruwa bai washe ba, likita zai ce a cire bututun. Iyali kan ƙi, don tsoron kuɗin na'ura, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai ana iya sa wani bututun bayan makonni, tantanin da ya cika da tabo kuwa ba ya komawa yadda yake.