Yadda ake sabunta tsohon gidan namun daji ba tare da an rufe shi ba

Tsohon gidan zu a tsakiyar birni gini ne a kan gini, kowane zamani da nasa tunanin. Na Schönbrunn a Biyana, babban birnin Austriya, an kafa shi a 1752 don sarki da baƙinsa. Na Landan ya buɗe a 1828, amma sai 1847 aka bar kowa ya biya ya shiga. Kejin wancan lokaci don idon mai kallo aka yi shi: matsattse, da sandunan ƙarfe, dabba ba ta da inda za ta ɓuya. A 1907 Carl Hagenbeck, wani Bajamushe mai cinikin namun daji, ya buɗe nasa a Hambog, ya cire sanduna, ya haƙa rami tsakanin dabba da mutane. Wanda aka ba aikin gyara yakan tarar da duk waɗannan a fili guda, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da abin da baƙi ke gani. Daga ɓangaren da baƙi ba sa gani ake farawa.

A tattara tsofaffin taswirorin gini, a bi bututun ruwa da magudanai da ƙafa, domin sau da yawa abin da ke takarda ba shi ne a ƙasa ba. A haɗa wa kowace dabba tarihinta: inda ta fito, shekarunta, iyayenta, cututtukan da ta yi. Tun da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, ta fara aiki a 1975, dabbar da ke cikin jerinta ba ta ƙetare iyakar ƙasa sai da takardun izini, don haka wadda ba a san asalinta ba da wuya a yi musayarta. Daga nan a rage nau'o'i. Filin birni ba ya ƙaruwa, fili mai faɗi guda yakan cinye wurin tsofaffin keji da dama, kuma wani lokaci amsar gaskiya ita ce a haƙura da ajiye giwa.

Ginin farko shi ne wurin killacewa, nesa da sauran dabbobi, da magudanarsa da tsintsiyarsa da takalman ma'aikatansa daban. Sabuwar dabba takan yi aƙalla kwana 30 a ciki, idan kuma wata ta shigo ɗakin kafin wa'adi ya cika, lissafi ya koma farko. A gina shi da ɗan yalwa, don nan za a ajiye dabbobi yayin da ake rushe mazauninsu, sashe bayan sashe.

Sai ɗakin kwana. Ƙofarsa ta zama mai zamewa, ana jan ta daga waje, daga inda mai kula yake ganin ƙofar da dabbar a lokaci guda. Tsakanin dabba mai haɗari da waje a sa ƙofa biyu, ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗaya. Daɓe ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa magudanar da ke wajen ɗakin. Siminti zalla yana da sauƙin wanki, amma yana cin ƙafa: kyakkyawan kududdufin da aka gina wa tsuntsayen fengwin a Landan a 1934 an kwashe su daga cikinsa a 2004, ciwon ƙafa na cikin dalilai. A zuba yashi ko ƙasa a inda dabba ke yini.

Shinge ne wurin da ganganci ke kisa. A Disambar 2007 wata damisar Siberiya ta haura bangon raminta a gidan zu na San Faransisko, ta kashe mutum ɗaya. Da aka auna, bangon kusan mita 3.8 ne, alhali shawarar masana kusan mita 5 ce. Ana awo ne daga wuri mafi tudu da dabba za ta iya tsayawa, dutse ko kututture, kuma a maimaita shi duk shekara, saboda ƙasa na taruwa a gindin bango, reshe na tsawo. Ramin ma ba kowa ya dace da shi ba. Cimfanzi bai iya iyo ba, ruwa mai zurfi na halaka shi. Giwa kuwa takan faɗa busasshen rami mai miƙaƙƙen bango ta kasa fita.

Faɗin fili kuma ba ado ba ne. Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidan zu na Zurik, ya nuna cewa kowace dabba tana da tazarar da idan mutum ya ƙetare ta sai ta gudu. Filin da bai ba ta damar ja da baya haka ba, zai bar ta cikin firgici, tana kai da komo a layi ɗaya. Kada a bar masu kallo su kewaye ta ta ko'ina. Gefe ɗaya ko biyu ya isa.

Ranar ƙaura ana shirya ta makonni kafin ta zo. A ajiye akwatin ɗauka a buɗe, a riƙa sa abinci a ciki har dabba ta saba shiga da kanta, don allurar barci tana da nata haɗarin. A sabon wuri a bar ta 'yan kwanaki a ɗakin kwana tukuna, ta san shi ne gida. A shafa wa gilashi farar ƙasa, a ɗaura ƙyalle a wayar lantarki don ta gan su, sannan a sake ta da sassafe kafin a buɗe wa jama'a, ƙofar ɗakin tana buɗe a bayanta.