Yadda na gyara famfon tukunyata da ke toshewa

Wallahi sati biyu ina fama da tukunyar lantarkin nan mai lita 30 da yayana ya kawo min daga Garwa, ina dafa kunun zaƙi a ciki, da na buɗe famfo sai ya ɗiga kaɗan ya tsaya cak, dusar dawa da citta sun toshe rariyar da ke ƙasan tukunyar, gindin kuma ya kama har ƙauri ya shiga kunun, kwastomomi suka fara ƙorafi.

Ashe laifin niƙan ne, ya yi laushi da yawa. Na ce wa mai inji ya ɗan ɓarza min tsiron dawar kawai, citta da kanumfari kuma na ƙulle su a farin ƙyalle na rataya a bakin tukunya, ba sa taɓa ƙasa. Sannan na daina zuba tsiro a tafasasshen ruwa, tafasa na kashe ƙarfinsa na tsinka kunu, sai zafi ya sauko wajen digiri 65 nake zubawa in rufe awa ɗaya.

Kafin tacewa ina juya kunun da muciya in bar shi minti 15 ya kwanta, in buɗe famfo rabi. Jiya lita 25 na tace ko sau ɗaya bai tsaya ba, alhamdulillah.