Yadda ake hawan keke a Jos da tsafta da kwalliya

A zamanin iyayenmu mai keke mutum ne da ake tsayawa a gaisar. Malamin makaranta zai fito da Raleigh ɗinsa baƙi wuluk yana ɗaukar ido, farar riga ta sha guga, hula ta zauna daram, ya kaɗa ƙararrawa yara su buɗe masa hanya. Da babura suka cika gari sai keke ya koma abin ɗan aike, har ta kai idan magidanci ya hau, tambayar farko da ake masa ita ce, "Malam, lafiya dai? Ina motar?"

Ni ma an yi mini wannan tambayar. Na koma kan keke ne bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Larura ce ta kai ni, amma abin da ya zaunar da ni daban ne: na gano ana iya tashi daga Unguwar Rogo zuwa wajen Sakatariya cikin kaftani, a isa ba gumi ba datti, ba a tsaya bakin titi jiran kowa ba. Allah ya ba Jos abin da bai ba Kano ko Sakkwato ba. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa da sanyi-sanyi ko a watan Maris. Abin da za ka biya a madadin haka shi ne hawa da gangara, kuma wannan ma da dabararsa.

Mataki na ɗaya: zaɓi keken da ya dace da tufafinka

A nan yawancin mutane ke yin kuskure. Sai mutum ya je wajen masu gwanjo ya ga keken tsere mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, ya ce wannan shi ne na zamani. Keken tsere an ƙera shi ne don mai matsattsen wando da zai duƙa ya yi gudu. Kai kuwa ofis za ka, ko kasuwa, ko ɗaurin aure. Keken da kake nema shi ne wanda za ka zauna a kansa a miƙe kamar kana kan kujera, idonka na ganin titi, mutane na ganin fuskarka.

Duba ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa. Ma'aikacin banki da kwat ɗinsa yake hawa, mace da doguwar rigarta, domin kekensu an yi shi ne don kayan yau da kullum. Abu huɗu ne sirrin: murfin da ke rufe kaca, marufin taya gaba da baya da ke tare taɓo, kariya ko kwando na ɗora kaya, da jiki mai ƙwari. Tsohon Raleigh da Phoenix na iyayenmu duk suna da waɗannan. Abin da suka rasa shi ne giya, kuma a Jos giya ba ado ba ce. Keke marar giya zai kai ka Terminus da dawowa, amma ranar da ka nufi hanyar Lamingo ko ka tunkari tudun Hill Station, turawa za ka yi. Nemi mai giya bakwai a baya, ya isa. Tayar kuma ta zama matsakaiciya, mai ɗan kauri, saboda ramuka da tsakuwar gefen kwalta.

Idan kana yawan sa jallabiya ko doguwar riga, sayi wanda ba shi da ƙarfen tsakiya, wanda muke kira keken mata. Sunan kada ya dame ka. Dattawa da yawa shi suka fi so, don ba sai ka ɗaga ƙafa sama ba kafin ka hau.

Kafin ka biya, juya kowace taya ka ga ko tana rawa, matsa birki biyun, duba wuraren da aka haɗa ƙarfe ko akwai tsagewa ko alamar walda. Fenti da ya koɗe ba matsala ba ne. Tsagaggen jiki kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Mataki na biyu: kai shi wajen mai gyara kafin ka fara hawa

Ko sabo ne. A sa giris, a gyara birki, a saita giya. Sannan a daidaita maka sirdi: ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Haka ne tsayin da ya dace. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke laifinsa. Ka sa fitila fara a gaba, ja a baya, da ƙararrawa mai ƙara. Ka sayi makulli mai nauyi, kuma idan za ka ɗaure, ka haɗa jikin keken da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ba taya kaɗai ba.

Mataki na uku: shigarka

Ba ka bukatar sayen wasu kaya na musamman. Kayan da ke cikin akwatinka su ne kayan keke, gyara kaɗan kawai suke so.

Kaftani mai tsayi zuwa gwiwa ya fi komai daɗi. Wanda ya fi haka tsawo, ka tattara bayansa ka zauna a kai. Ƙafar wandon dama, ɓangaren da kaca take, ka naɗe ta ko ka ɗaure da ɗan roba. Na koyi wannan ne da asarar wandon shadda sabo fil, ranar wata Juma'a, kaca ta cafke shi ta bar masa baƙin mai da bai fita ba har yau. Babbar riga kuwa a ninke ta a sa a kwando, in an isa a zura. Hannuwanta na kama iska, kuma suna iya shiga taya.

Takalmi ya zama mai kama ƙafa. Silifa na zamewa daga feda, musamman in an yi ruwa.

Sai maganar da mutane ba sa so: hular kwano. Na san tana ɓata tsarin shiga, na san zanna ta fi ta kyau nesa ba kusa ba. Amma gangaren Jos na sa keke gudun da ba ka yi niyya ba, kuma gefen titinmu duwatsu ne. Ka sa kwanon ya zauna daidai, kamar yatsu biyu sama da gira, ka ɗaure igiyar. Zannarka ka sa ta a leda mai tsafta cikin jaka, a bakin ƙofa ka musanya. Minti ɗaya ne.

Sirrin isa ba gumi kuwa ba a tufafi yake ba, a tafiya yake. Ka taka a hankali, gwargwadon yadda za ka iya hira ba haki. Jaka kada ta zauna a bayanka, nan ne gumi ke taruwa; ɗora ta a kariya. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sa ruwan randa ya gagari hannu, ka sa rigar sanyi da safar hannu, ka shafa man leɓe, ka rufe hanci saboda ƙura. Daga Yuli zuwa Satumba kada rigar ruwa ta bar kwandonka. Hadarin Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara.

Ga 'yan'uwa mata, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne tayar baya. Dogon hijabi ko gefen abaya na iya naɗewa a cikinta, haɗarin da muka sha gani a kan babur. Ki sa wando a ciki, ki zaɓi hijabin da ya tsaya a ƙugu, ko ki tattara dogon ki soke. Ki sa mai gyara ya ɗaura miki raga a gefe biyu na tayar baya; matan Holan da ita suke kare rigunansu. Tun da John Kemp Starley ya fito da keke mai tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya a Coventry ta Ingila a 1885, mata sun ci moriyarsa sosai, domin ya ba su damar zirga-zirga ba tare da jiran mai kai su ba. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Jos ta daɗe tana roƙo kafin mahaifinmu ya yarda. Ba gardama ce ta shawo kansa ba. Ganinta ya yi ta fito a suturce tsaf, ga kwano a ka, sai ya ce, "To, Allah ya tsare. Amma yayanki ya raka ki satin farko." Ta ce, "Na gode, Baba." Yanzu ba ta rasa laccar ƙarfe takwas saboda Keke Napep ya cika.

Mataki na huɗu: koyi tuddan garin

Kada ka fara da ranar aiki. Fita ranar Asabar ko Lahadi da sassafe, bayan asuba gari ya ɗan yi haske, ka bi hanyar da za ka riƙa bi zuwa aiki, ka ga inda take hawa da inda take sauka. Sau da yawa hanyar mota ba ita ce hanyar keke ba. Wani layin cikin unguwa ya fi tsawo kaɗan amma ya kauce wa tudu da cunkoso.

Giya ana sauya ta ne kafin a shiga hawa, ƙafa na juyawa a sassauce. In ka bari sai tsakiyar tudu kana dannawa da ƙarfi, kaca za ta yi ƙara, ta iya zamewa. A hawa ka sa mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri-sauri, ka zauna abinka. In ya gagara ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. A gangara ka riƙe birki biyun tare, kana matsawa kana saki. Matse na gaba shi kaɗai da ƙarfi na iya wurgo ka ta kan keken. In an yi ruwa, birki na jinkirin kamawa, don haka ka fara tun da nisa.

Mataki na biyar: zama da masu mota

Ka bi hannun dama tare da motoci, kada ka taɓa fuskantar su. Kada ka manne da bakin kwalta. Bar kamar taku ɗaya, haka ma tsakaninka da motar da ke tsaye, don ana iya buɗe ƙofa ba zato. Mai Keke Napep in ya hango fasinja zai yanko gabanka ba sigina, ka sa wannan a ranka kullum, musamman a Terminus da titin Bauchi da wajen kasuwar Farin Gada. Tirela ko tifa kuwa kada ka kuskura ka shiga gefenta a kwana, direban ba ya ganinka. Za ka juya, miƙa hannu tun da wuri, ka waiga, ka haɗa ido da direba. Shataletalen da ya rikice maka, sauka ka tsallaka da ƙafa. Titin Yakubu Gowon zuwa Bukuru yana da faɗi amma motoci na gudu a kansa, bari sai hannunka ya faɗa. Abin sauraren waƙa a kunne kuma a bar shi sai an isa.

Mataki na shida: nemi abokan tafiya

Wannan ne ɓangaren da na fi ƙauna. Mai mota gilashi ya raba shi da gari. Mai keke yana jin ƙamshin masa, yana amsa gaisuwa, yana iya tsayawa ya yi wa mutum jaje ko barka ba tare da neman wurin ajiye mota ba. A wata uku na farko na san mutanen hanyata fiye da yadda na san su a shekara goma.

Fara da mutum biyu ko uku: maƙwabci, abokin aiki, ɗan'uwa. Ku sa rana ɗaya a mako, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Mu da muke fita tare ranar Asabar, ƙa'idarmu ita ce mafi rauni shi ke gaba, ba a barin kowa a baya, kuma wanda ya fi iya faci shi ke rufe sahu. Hanyar Rayfield ta dace da masu farawa: ku bi ta mahaɗar tsohon filin jirgi, ku wuce har wajen tafkin da haƙar kuza ta bari, ku huta. Kallo kawai, ban da wanka, domin waɗannan ramukan suna da zurfin da ido ba ya nunawa. In ƙafa ta yi ƙwari, sai ku nufi ɓangaren Lamingo, duwatsun Shere na gabanku. A dawowa a tsaya teburin mai shayi, kowa da kofinsa.

Akwai abin da ɗan Jos ya sani ba sai an faɗa masa ba. Tun rikicin Satumba 2001 unguwanni suka rabu, akwai matasan da aka haifa a garin nan ba su taɓa taka wani ɓangarensa ba. A tafiyarmu ta Asabar akwai Musulmi akwai Kirista, kowa kan ja mu ta unguwarsu, ya gaisa da mutanensa, mu ma a gaishe mu. Na shiga layukan da rabona da su tun ina yaro. Ban ce a yi ganganci ba: ku saurari halin da gari ke ciki kafin ku fita, ku kiyaye dokar hana fita in an sa, ku dawo kafin magariba, kuma unguwar da ba ku sani ba ku shige ta tare da ɗan cikinta.

Mataki na bakwai: kula da shi

Kowace safiya ka matsa taya da yatsa. Adadin iskar da take so a rubuce yake a gefenta. Sau ɗaya a mako ka goge kaca da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka sake gogewa, don mai da yawa ƙurar hunturu yake tarawa. Ka goge jikin keken duk ranar da za ka goge takalminka. A ƙaramar jaka ƙarƙashin sirdi ka ajiye famfon hannu, kayan faci, sifana ɗaya, da 'yan canji na mai gyara, ko da taya za ta sace maka a hanyar Bukuru.