Yadda iyaye za su nema wa yaro mai buƙata ta musamman haƙƙinsa a taron makaranta

Sau da yawa ana tashi daga irin wannan taro da fara'a, kowa ya ce za a yi iya ƙoƙari, sai zango ya ƙare yaro yana nan inda yake. Alkawarin baki ba wanda ake kamawa da shi. Abin da za ku je nema shi ne takarda da ta faɗi taimakon da za a ba yaron, wanda zai ba shi, minti nawa, sau nawa a mako, da yadda za a gane ko yana amfani.

Ba alfarma kuke roƙo ba. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya ce a ba su tallafin da suke buƙata a cikin makarantun da kowa ke zuwa. Ƙasashe sun bambanta wajen aiwatarwa. A Amurka dokar IDEA, wato dokar ilimin yara masu nakasa, ta sa iyaye cikin kwamitin da ke rubuta shirin karatun yaro, kuma dole a sake duba shirin aƙalla sau ɗaya a shekara. A Ingila wa'adin kammala irin wannan shiri mako 20 ne daga ranar da aka nema. Ku binciki dokar ƙasarku da ƙa'idar makarantar, ku riƙe wa'adin da suka gindaya.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar taro. Ku rubuta buƙatar a gwada yaron, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi. A fara duba ji da gani, domin yaron da ba ya jin malami sosai yakan yi kama da marar natsuwa, a yi ta fama da halinsa alhali matsalar a kunne take. Ku nemi a ba ku rahotannin gwaji kwana 3 zuwa 5 kafin a zauna. Wanda aka miƙa wa rahoto mai shafi 15 a kan tebur ba zai iya musun komai ba. Ku haɗa fayil guda: takardun likita, sakamakon jarrabawa, da littattafan aikin yaron na farkon shekara da na yanzu. Idan an ce yana samun ci gaba, ku buɗe shafukan biyu gefe da gefe, kowa ya gani da idonsa.

Kada mutum ya je shi kaɗai. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya riƙa rubuta wanda ya faɗi me. Ku zaɓi buƙatu 2 ko 3 mafiya muhimmanci, don lokaci gajere ne.

Inda ya fi cancanta ku tsaya kai da fata shi ne kalmomin da ake rubutawa. “Zai inganta karatunsa” ba buri ba ne, tunda ba yadda za a auna shi. Ku tambaya yanzu kalma nawa yake karantawa a minti ɗaya. Idan 20 ne, a rubuta cewa zuwa ƙarshen shekara zai karanta 40 da kuskuren da bai wuce 3 ba, kuma za a auna shi duk mako 4 a turo muku sakamako. Haka ma taimakon ƙwararru. “Lokaci-lokaci” da “idan hali ya yi” su ne ƙofar da alkawari ke sulalewa ta cikinta. A rubuta: mai gyaran magana, minti 30, sau 2 a mako, shi kaɗai ko cikin yara da ba su wuce 3 ba. Ku tambayi wane darasi za a riƙa cire shi daga ciki, kada a gyara masa magana ya rasa lissafi, da kuma yadda za a rama zaman da aka rasa in ƙwararren bai zo ba.

Sauƙaƙe-sauƙaƙe irin su kujerar gaba, manyan haruffa, ƙarin lokaci a jarrabawa ko mai fassara da maganar hannu, su ma a sa su ɗaya bayan ɗaya, da sunan muƙamin wanda zai sanar da sauran malamai. Yawanci a nan suke lalacewa: an canja malami, sabon bai ga takardar ba.

Idan taron ya koma lissafa laifuffukan yaro, ku dawo da shi da tambaya. Me ke faruwa gab da ya tayar da rigima? A wane darasi, da ƙarfe nawa? Yaron da ke jefar da littafi duk lokacin da aka ce ya karanta a gaban aji yana gudun abin da ya fi ƙarfinsa ne, kuma hukunci ba ya koyar da karatu. In aka ce babu kuɗi ko ma'aikata, ku ce a fara rubuta buƙatar yaron tukuna, sannan a rubuta dalilin ƙin biyanta. Kada ku yi faɗa da malamin ajinsa, shi ne zai wuni da yaron gobe, kuma sau da yawa shi ma taimakon yake so a kawo.

Ba lallai ne ku sa hannu nan take ba. Ku karɓi kwafi ku karanta a natse, abin da ba ku yarda da shi ba ku rubuta shi a jikin takardar. Cikin kwana 2 ku aika gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da abin da aka amince, wanda ya ɗauki kowane aiki da ranar farawa, ku roƙi a gyara muku in akwai kuskure. Bayan mako 6, idan ba a fara ba ko alƙaluman ba su motsa ba, ku nemi sabon zama a rubuce, kada ku jira taron shekara.