Masu koyon Turanci, ku bambance envy da jealousy

Jama'a, shawara ce ga masu shirin jarrabawar WAEC ko ta IELTS (gwajin iya Turanci). Envy ita ce hassada ko ƙyashi: wani yana da abu, kai ba ka da shi, kana jin zafi a ranka. Jealousy kuwa kishi ce, tsoron kada a ƙwace maka abin da ke hannunka, shi ya sa galibi akwai mutum na uku a ciki. Uwargida da amarya, jealousy ke nan. Maƙwabcin da ya ga sabuwar motarka ya ɓata fuska, envy ce.

Amma kada ka tsorata in Bature ya ce maka "I envy you". Yawanci ba mugun nufi ba ne, "ina ma ni ne" yake nufi. 'Yan Amurka ma a hira sukan ce "I'm so jealous" da wannan ma'anar. A hira ya wuce, a jarrabawa dai ka raba su.

Akwai kuma wata kalma mai kama da su, covet: kwaɗayin ainihin abin wani ne, kuma ba kasafai ake jinta a hira ba, an fi ganinta a rubuce, kamar a littattafan addini.

Envy tana zama suna, tana zama aikatau. Jealous sifa ce kawai, don haka "I jealous you" da muke ji a titi kuskure ne a rubutu.